Ranar da Yaya Ta Huta

A gidan nan babu wanda ya taɓa zama ya ce Yaya ce za ta yi jinyar Baba. Ita ce babba, mijinta ya rasu, ba ta da yaro a gabanta, ɗakinta kuma yana jikin na tsohon. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke, kowa ya dubi kowa, daga ƙarshe duk suka dubi Yaya. Ita kuwa ta rufe keken ɗinkinta da tsohon zane, ta naɗe hannun riga.

Baba ƙato ne. Ciwo ya cinye masa magana da hannu da ƙafa, amma bai rage masa nauyi ba. Sai Yaya ta durƙusa ta saƙala hannunsa mai lafiya a wuyanta, ta rungume shi ƙirji da ƙirji, ta yi bismillah, ta miƙe da shi gaba ɗaya, ta juya ta dire shi a kujera mai taya. Daga nan sai banɗaki: ta sake ɗaga shi zuwa kujerar wanka, ta cuɗa shi, ta goge shi, ta sake ɗagawa. Da safe haka, da rana haka, da yamma haka, ban da juya shi a gado don kada bayansa ya yi gyambo, ban da wankin zannuwan da ba ya ƙarewa.

Ba wai gidan babu mutane ba. Akwai ƙaninta mai bi mata, wanda ake kira Injiniya saboda yana gyaran janareta, yana zaune a ɓangaren gaba da matarsa. Injiniya yana da ciwon baya mai hankali: ba ya motsawa idan zai cicciɓi janareta ya ɗora a mota, sai idan an ce ya zo ya kama Baba. Matarsa ta ce ita suruka ce, kunya ba za ta bar ta ta ga jikin Baba ba, kuma kunyar nan ta yi ƙarfi har ta hana ta wanke kofin da ya sha shayi. Sai Auta, ƙanwarsu, da ke aure a can ɗaya gefen gari. Ita takan zo da lemo da ayaba a leda, ta zauna bakin gado ta ɗauki hoto da Baba, ta share ƙwalla, ta ce wa Yaya, "Allah ya ba ki lada," sannan ta duba agogo.

Abin ya fara wa Yaya ne a hankali. Tana cikin ɗaga Baba sai ta ji zuciyarta ta tsallake bugu, ta yi tsit, sannan ta rama da gudu. Daga baya ya koma fafur-fafur a ƙirji, kamar tsuntsun da ya faɗo ɗaki yana neman taga. Wani lokaci wata irin suka ce take taso mata ƙarƙashin nonon hagu, wani lokaci jiri, wani lokaci ta ja numfashi ta ji bai kai inda ya kamata ba. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta kada abin ya zo mata tana tsaye da Baba a hannu, a kan simintin banɗaki mai santsi.

Da ta gaya wa Injiniya, dariya ya yi. "Yaya ke nan. Shayi ne ya yi miki yawa."

Bai kai ta asibiti ba sai da wata maƙwabciya ta gan ta zaune a dokin ƙofa dafe da ƙirji, ta kuma faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare. Injiniya zai iya jure komai, ban da bakin unguwa.

A asibiti aka shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, aka ɗora abin ɗaukar hoto, ta ga zuciyarta tana motsi a allo. Likitoci biyu ne suka duba: babba mai furfura, da wata ƙarama mai tabarau da ke aiki ƙarƙashinsa. Babban ya haɗa tafukansa biyu yana nuna mata.

"Malama, a ɓangaren hagu na zuciya, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, akwai ƙofa mai ƙyaure biyu. Naki ɗaya ya yi laushi. Idan zuciya ta matsa, maimakon ya tsaya cak sai ya lanƙwasa baya. Ɗan jini yana komawa, amma kaɗan ne ƙwarai. Mutane da yawa suna da irinsa, su tsufa ba su sani ba."

"To shi ne ke sa ni wannan faɗuwar gaban, likita?"

"A ganina ba shi ba ne. Na ga masu ƙyaure irin naki da ba sa jin komai, na kuma ga masu jin duk abin da kike ji alhali ƙofarsu lafiya lau. Ni na fi zargin damuwa da gajiya."

Ƙaramar likitar ta gyara tabarau. "Ranka ya daɗe, ni ban wanke ƙyauren nan ba tukuna. Akwai waɗanda idan ya lanƙwasa yakan ja naman zuciya, bugun ya rikice. Akwai kuma masu ganin jijiyoyin da ke tafiyar da bugun ne ke saurin zabura a jikin irin waɗannan mutanen."

Babban likitan ya yi murmushi. "Wannan gardamar ta girme ki, kuma har yau likitoci ba su rufe ta ba." Ya juya ga Injiniya. "Amma ko ni ne da gaskiya ko ita, magana ɗaya ce. Damuwa ma ciwo ce, ba ƙarya ba ce. Baiwar Allah nan tana buƙatar hutu, tana buƙatar mai kama mata aiki."

"Ƙwarai kuwa, likita," in ji Injiniya, yana ta gyaɗa kai kamar zai tsinke wuya.

Ƙaramar likitar ta ce akwai wata na'ura da ake ɗaura wa mutum ya tafi gida da ita, ta ɗauki bugun zuciyarsa yini da kwana. Masu jiran ta suna da yawa, amma ta sa sunan Yaya a layi.

Tsakanin asibiti da gida ba wata tafiya ba ce, amma rabin maganar likita ya zube a hanya. Injiniya ya shiga tsakar gida yana shela: "Babban likita da kansa ya ce ba zuciya ba ce. Tunani ne kawai!"

"Ƙaramar ta ce ba ta wanke ƙyauren ba," in ji Yaya. "Kuma dukansu sun ce in huta."

"Wannan yarinyar? Jiya-jiya fa ta gama makaranta. Ki bar maganar mai furfura ki kama ta mai tabarau?"

Daga ranar, kalma ɗaya ta zama waƙar gidan. Yaya ta jingina da bango tana haki, matar Injiniya ta wuce da farantinta ta ce, "Yaya, ki rage tunani." Ta zauna a bakin famfo don jiri, Injiniya ya leƙo ya ce, "An fara tunanin ke nan." Auta ta bugo waya ta yi mata wa'azi mai tsawo a kan haƙuri da dangana, ta rufe da cewa ita ma kanta yana ciwo kwanan nan. Da can idan Yaya ta yi kuka da jikinta sukan ɗan ji nauyi. Yanzu sun sami likita mai furfura sun jingina da shi.

Wata safiya ta tare Injiniya yana goge babur.

"Ba wanka na ce ka yi masa ba. Ka ɗaga min shi kawai ka dire a kujera, ka kama gabanka."

"Haba Yaya, kin fa san bayana. Kuma ke kin riga kin san kansa. Ni ina taɓa shi sai ya kama gurnani."

Gurnanin kuwa yana da dalili, sai dai ba wanda Injiniya ya ba shi ba. Duk lokacin da Yaya ta rungumi Baba za ta ɗaga, kunnensa yana manne da ƙirjinta. A gidan kaf shi kaɗai yake jin abin da zuciyar nan take yi, shi kuma ba shi da baki. Sai ya riƙa buga mata kafaɗa da hannunsa mai lafiya, yana "uhm, uhm," yana zare ido wajen ƙofa, yana neman wani ya zo. Ran nan Injiniya ya ga haka daga tsakar gida, ya ce, "Kin gani ko? Ke yake so. Ko mun zo ba zai yarda da mu ba." Hawaye suka gangaro ta gefen bakin tsohon da ya karkace, Yaya ta goge masa da gefen zanenta.

Da layi ya zo kanta, ita kaɗai ta je. Ƙaramar likitar ta manna mata wasu 'yan faifai a ƙirji, ta jona wayoyi, ta rataya mata wani ɗan akwati kamar sabulu a ƙugu.

"Kada ruwa ya taɓa ta. Amma ki saurare ni da kyau, Malama: ki yi aikinki kamar kullum. Duk abin da kike yi idan abin ya taso miki, yau ma ki yi shi. So nake in kama shi yana cikin yi."

Yaya ta dawo gida da wani farin ciki da ta daɗe ba ta ji ba. Yau dai ta sami shaidar da ba ta jin kunyar kowa, ba ta kuma zubar da rabin magana a hanya.

Matar Injiniya ce ta fara hango wayoyin ta wuyan riga. Ta matso tana leƙe.

"Yaya, wannan duk abin da mutum ya yi ɗauka take?"

"Bugun zuciya kawai. In ya rikice za ta nuna lokacin."

"Ta nuna lokacin," in ji matar a hankali. Ta koma ɓangarensu, Yaya ta ji tana magana ƙasa-ƙasa a waya.

Kafin lokacin wankan rana, sai ga Injiniya ya rufe shago ya dawo, abin da bai taɓa yi ba ko ranar da Baba ya faɗi daga gado. Bayansa sai ga Auta, babu leda, babu kwalliya, ta ci ɗamara kamar mai shirin dambe.

"Yaya, yau ko tsinke ba za ki ɗaga ba," in ji Auta.

"Likita ta ce in yi aikina kamar kullum. Amfanin abin ke nan."

"Kayan asibiti ne fa," in ji Injiniya. "In ruwa ya fantsama? In Baba ya fizge waya?"

"Zan sa leda in rufe. Ku matsa in wuce."

Injiniya ya tsaya a bakin ƙofar Baba, ya sha mur. "In kika yanke jiki kika faɗi da wannan abu a jikinki, me likitocin nan za su ce da mu? So kike a ce mun kashe ki da aiki?"

Ko makirci ne suka ƙulla, ko kunya ce ta kama su da suka ga za a sami mai ba da labari, Allah kaɗai ya sani. Mai yiwuwa su kansu ba su tsaya sun tantance ba. Abin da ya faru dai shi ne, suka kama Yaya, wannan ta riƙe hannu, wancan yana lallashi, suka kwantar da ita a gadonta, suka kunna mata fanka.

Daga inda take tana hango su. Mutum uku suka taru a kan aikin da take yi ita kaɗai. Injiniya ya ɗaga Baba sau ɗaya, gumi ya karyo masa, ya ce, "Kai! Baba akwai nauyi!" Bayansa ko ƙorafi bai yi ba. Kunyar matarsa ma ta tafi hutu, ta zauna ta wanke zannuwa tas ta shanya. Auta ta kawo wa Yaya abinci har gado, ta ce ko a ba ta a baki.

Yaya ta ƙudura a ranta za ta tashi. Ko shara ce za ta yi, ko guga, ko ta ɗebo ruwa ta yi ta zirga-zirga har abin ya taso. Ta ce bari ta ɗan rufe ido kafin su sake. Jikin da ya daɗe yana bin ta bashin hutu bai nemi shawararta ba. Ta yi barci irin wanda ba ta yi ba tun ranar da Baba ya kwanta, barci mai daɗi, mai nauyi, babu kunne ɗaya a ɗakin tsoho. Ta farka da yamma ta tarar an gama komai. Washegari ma kafin ta sauko da ƙafa an yi wa Baba wanka an shafa masa mai. Zuciyar nan da ta addabe ta kuwa ta kwanta luf, tana bugawa a natse kamar ba ita ba. A motar da ta shiga don mayar da na'urar ta juya fuska wajen taga tana kuka, don ta riga ta san abin da ke cikin akwatin.

Ranar karɓar sakamako Injiniya ne da kansa ya ce zai raka ta. Ƙaramar likitar ta daɗe tana duban allo, tana murza goshi.

"Ban ga abin tayar da hankali ba. Ɗan tsallake ne nan da can, irin wanda kusan kowa yake yi. Malama, kin dai yi aikinki kamar kullum?"

Yaya ta buɗe baki.

"Likita, Yaya ai ba ta san zama ba," in ji Injiniya. "Tambayi kowa a unguwa."

Bai yi ƙarya ba, in ka cire rana ɗaya. Yaya ta dube shi. In ta yi magana, ta tsiraita gidan ubanta ke nan a gaban baƙuwa, ta nuna ƙanin da ta goya a bayanta ta ce ga abin da ya yi. Sai ta sunkuyar da kai.

Likitar ta ce yini ɗaya ba ya yanke hukunci, in abin ya ci gaba ta dawo a ɗaura mata ta kwana da yawa, kuma maganar hutu tana nan daram. Injiniya ya ce ƙwarai kuwa.

A bakin titi ya tafa hannu. "Alhamdu lillahi! Kin ji dai. Mai furfura ya faɗa, yanzu har na'ura ta faɗa."

"Ka san abin da kuka yi," in ji Yaya.

"Me muka yi? Mun taimake ki, shi ne laifin? In ba mu taimaka ba ki yi ƙorafi, in mun taimaka ki yi ƙorafi. Wallahi Yaya, wannan shi ne tunanin da ake faɗa miki."

Tun a ranar ciwon baya ya dawo, kunya ta dawo, Auta ta koma leda da hoto. Maganar komawa asibiti kuwa duk wanda ta yi wa sai ya ce, a je a sake cewa me?

Wata rana da rana tsaka abin ya same ta. Ta gama cuɗa Baba, ta goge shi, ta saƙala hannunsa a wuyanta, ta miƙe da shi. Tana tsaye da nauyinsa duka a jikinta zuciyar ta yi tsit, sannan ta ɓarke da gudu ba tsari. Duhu ya fara rufowa daga gefen idanunta. Ta ƙwala wa matar Injiniya kira, ƙarar talabijin ta haɗiye muryar. Baba yana buga mata kafaɗa da iya ƙarfinsa. Ta san faɗuwa za ta yi, ba makawa. Da ɗan hankalin da ya rage mata ta murɗa jikinta don ita ta kasance a ƙasa, ta kai hannu ta tare siminti. Ta ji ƙas.

Kukan Baba ne ya kirawo mutane, wani irin kuka mara kalma. Suka ɗauke shi daga kanta, suka kai shi gado, suka duba kansa da ƙugunsa da gwiwoyinsa, ko ƙwarzane babu. Yaya tana kwance cikin ruwan sabulu har sai da wani ya tuna an bar mutum a banɗaki.

Wannan karon hoto bai bar wurin gardama ba. Ƙashin hannu ya karye gida biyu, fari tas a kan baƙi, ko yaro ya gani ya gane. Aka naɗe hannun da filasta daga yatsu har gwiwa. Maƙwabta suka yi ta shigowa dubiya, Injiniya yana tarbar su yana bayani: santsi ne. Gidan duka suka tsaya a kan santsi. Har tabarmar roba ya sayo ya shimfiɗa a banɗakin, yana nuna wa baƙi. Babu wanda ya tambayi Yaya abin da ta ji kafin ta faɗi, ita ma ta gaji da faɗa.

Yanzu su ke ɗaga Baba, suna tsaki, suna rabon kwana, suna faɗa a kan wanda ya yi jiya. Kuma ba a taɓa damuwa da lafiyar Yaya kamar yanzu ba. Auta tana kawo madara da ƙwayoyin ƙarfafa ƙashi. Injiniya ya hana ta ko motsa yatsa, kada ɗorin ya goce a koma baya. Matarsa kullum da safe sai ta leƙo: "Yaya, ya hannu? Yaushe aka ce za a cire?"

Ƙirjin yana yi mata fafur-fafur har yanzu, ko da tana zaune, sai dai ba kamar da ba. Ba ta san wanne likita ne da gaskiya ba. Su dai suna da hujjar gardamarsu, nema suke yi, kuma ko a cikin gardamar sun haɗu a kan ta huta. 'Yan gidansu ba nema suke ba. Sun ji duka maganar da kunnensu, sun ɗaga tsohon da hannunsu sun ji nauyinsa, sun ga yadda yini ɗaya na hutu ya kwantar mata da zuciya. Babu abin da ba su sani ba. Wannan ne yake cin ran Yaya fiye da sukar ƙirjin.

Wata safiya tana zaune tana cusa tsinken tsintsiya ƙarƙashin filastar, matar Injiniya ta gan ta.

"Ƙaiƙayi yake yi? Alhamdu lillahi! Ai warkewa ke nan!" Ta juya da gudu tana kiran mijinta ya zo ya ji albishir.

Yaya ta ji gabanta ya faɗi. Ta dubi ƙofar ɗakin Baba, ta dubi ƙofar banɗaki, ta rungume hannun a ƙirjinta. Ita da ba ta taɓa roƙon komai ba sai lafiya, yau ta motsa leɓe a hankali, tana neman gafara, tana roƙon Allah kada ƙashin nan ya yi saurin haɗewa.